Zamzam Ɗin da Na Sirka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi, domin ba labarin da za a yaba mini ba ne. Surukata ce ta kwanta ciwo kusan wata biyu, ni na yi jinyarta, kuma ni na jawo mata ciwon da hannuna. Ita da kanta ta ce in rubuta, ta ce kada in rage komai, har da wurin da na yi mata ƙarya.

Sunana Rabi. Aure ne ya kawo ni Makka daga Kano, yau shekara goma sha shida. Muna zaune a unguwar Tandabawi, a wani tsohon gida kan tudu, ni da maigidana Abu Hamza da yaranmu da mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Inna. Inna Basakkwaciya ce. Tana ƙarama iyayenta suka zo da ita aikin hajji ta hanyar Sudan, ba su koma ba, kuma har yau bakinta bai saki Sakkwatanci ba. Ɗanta kuwa a nan aka haife shi, in yana yi mini Hausa rabinta Larabci ne.

Duk wanda ya san Inna ya san ba ta shan wani ruwa sai Zamzam. Tana da kula shuɗiya mai famfo a gefen gadonta da ɗan kofin silba. In za ta sha sai ta juya alƙibla, ta kurɓa sau uku, sannan ta saki wata doguwar alhamdulillahi da nake jiyowa ko ina kicin. Baƙo ma ba ya fita ɗakinta bai sha ba, ko da kuwa yanzu ya fito daga Harami cikinsa cike da shi.

Da can Abu Hamza ne ke ɗebowa. Shi mai gyaran famfo da injin ruwa ne. Bara ya samu aiki a bakin teku, kudu da Jidda, a wasu gidajen shaƙatawa da ake kira istiraha. Wurin da can teku ne, aka yi ta zuba ƙasa da ɓaraguzan gini har ya zama fili, aka yi gine-gine a kai. Yakan tafi ranar Asabar ya dawo Alhamis. Ran Juma'a sai ya kawo wa Inna jarka biyu ta Zamzam, wadda a da takan kai mu mako.

Yana kuma zuwa mana da wani ruwan daban. Layinmu matsattse ne, tankar ruwa ba ta iya hawowa, famfo kuma sai ya ga dama. A istirahar da yake aiki akwai wata 'yar rijiya marar zurfi da aka haƙa don ban-ruwan dabino, to daga nan yake ciko mana jarkoki a bayan motarsa. Ranar da ya fara kawowa ya ce, “Ya Rabi, hada na wanki ne bas, da shara.” Wato wannan na wanki da shara ne kawai. Na ce na ji. Ruwan garau yake, ba wari, ba komai a ciki.

Da watan Rajab ya kama, 'yan Umra suka fara sauka, sai gidanmu ya zama tasha. Duk wanda ya zo daga Sakkwato ko Kano aka ba shi lambarmu, sai ya hau tudun nan ya gai da Inna. Kowa kofi, wasu har da 'yar gora su ƙulla. Kafin Talata kula ta ƙafe. Sau biyu ina shiga tasi in je in bi layi in ɗebo, in hau da jarka matakala hamsin da biyu, na ƙirga su ba sau ɗaya ba. A karo na biyu bayana ya riƙe, na kwana uku ina salla a zaune. Yaya Hafsa, yayar maigidana, tana unguwar Mansur da mota da direba, amma ba ta taɓa cewa kawo jarkar nan ba. Na faɗa ne don ya tsaya mini a rai, ba don in wanke kaina ba.

Sai na tuna yadda ake yi a gida. A Kano na taso ina ganin in alhaji ya dawo da 'yar jarkar Zamzam, sai a juye a randa a cika da ruwan gida, a raba wa unguwa, a ce albarkar ta game duka. Na ce to me zai hana? Na sayi ruwan gora na kanti na ƙara a kular. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta sauke kofin.

“Wa yat taɓa min ruwa?”

Na ce, “Inna, wanke kular na yi, wataƙila ban tsane ta da kyau ba.”

“Ruwan ga ba shi da nauyi. Zubas da shi ga shuka, ɗiyata, kak ki sake.”

Wannan ita ce ƙaryar farko. Zamzam yana da wani nauyi a harshe wanda ruwan kanti ba shi da shi, kuma tsohuwar da ta shekara sittin tana sha ba a yi mata wayo da ruwan gora. Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan labari ba.

Bayan kwana biyu ina alwala da ruwan jarkar wanki, na kurkure baki, sai na ji shi da nauyi, da ɗan gishiri-gishiri can ƙasa. Na tsaya da ruwan a bakina. Wallahi murna na yi, kamar wadda ta tsinci abin da ta daɗe tana nema. Ranar na zuba kwano ɗaya a kula, na laɓe a bakin ƙofa ina kallo. Inna ta sha, ta ɗan yi jim, ba ta ce komai ba. Daga kwano ɗaya na koma biyu, kafin mako ya zagayo ana rabi da rabi. Allah kaɗai ya san baƙi nawa suka sauka tudun nan da murɗar ciki suka ɗora wa abincin otal.

Makon farko ciwon ya zo da sauƙi. Ciki yana murɗa mata, tana yawan zagawa, da ɗan zazzaɓi da yamma. Yaya Hafsa ta zo ta tsaya a tsakar ɗaki ta yanke hukunci, ta ce furar da ake sayowa a Mansur ce, aka hana Inna fura, abin da take so duk duniya bayan ruwanta. Maƙwabciyarmu Maman Bilal, 'yar Maraɗi, ta kawo zuma da habbatus sauda. Wata ta ce a dafa ɓawon rumman. Na sauka kantin magani aka ba ni ƙwayoyin tsayar da gudawa. Shawara kala-kala, amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya: a yi ta ba ta Zamzam, kada a bari jikinta ya bushe. Na yi ta ba ta. Tana sha da yawa kula na saurin ƙarewa, kula na ƙarewa ina ƙara sirkawa. Ko sau ɗaya ban kawo ruwan a raina ba, tunda a wurina Zamzam ne, an dai ɗan faɗaɗa shi.

Mako na biyu ta kasa tashi salla. Idanunta suka faɗa, in na ja fatar hannunta sai ta tsaya ba ta koma ba. Na kira Abu Hamza ya baro aiki, muka sauko da ita a kan kujera, shi da wasu maƙwabta biyu. A wani ƙaramin asibiti a Mansur muka zauna tun bayan azahar har aka kira la'asar ba a kira lambarmu ba, tsohuwa tana jingine a kafaɗata tana rawar sanyi. Likitan bai fi minti uku da mu ba. Ya ce ciwon hanji ne, yana yawo a gari lokacin baƙi, ya sa aka ɗaura mata ƙarin ruwa aka kwantar da ita. Kwana uku ta yi, ta warware sarai, har tana tsokanar ma'aikaciyar jinya wai hannunta ya fi allurar zafi. Muka dawo gida da murna. Ni kuwa don in faranta mata, na wanke kula tas na cika mata ita, rabi da rabi. Kwana biyu ciwo ya dawo, ya fi na da.

A mako na uku ne maganganu suka canja. Tunda tana warkewa a asibiti tana kwantawa a gida, ai sai aka ce abin a gidan yake. Yaya Hafsa ta ce kambun baka ne, baƙin nan da ke shigowa ba kowa ne ke cewa masha Allah ba. Ta turara ɗakin har yara suna tari. Ta kawo wani malami ya yi karatu, ya tofa a cikin kular nan, ya ce a yi ta ba ta safe da yamma. Ni na riƙe masa murfin yana tofawa. Magunguna kuwa sai ƙaruwa suke, inshora ta ɗauki wasu ta ƙi wasu, Abu Hamza ya bar aiki ya zauna. A makon ne awarwarona biyu suka tafi kasuwar zinariya ba su dawo ba.

Abin da ya fi damuna a lokacin ba ramar ba ce, shirun da Inna ta yi ne. Mace mai surutu da tsokana ta koma sai carbi, istigfari kawai take ja dare da rana. In na ba ta ruwa sai ta riƙe shi a baki ta daɗe, ta haɗiye, ta juya fuska bango. Doguwar alhamdulillahin nan na daina jin ta. Wata safiya ta sa na buɗe akwatinta na ciro likkafaninta da ta wanke da Zamzam tun shekarun baya, ta shafa shi ta ce in mayar sama-sama inda ba za a sha wuyar nema ba. Na ce, “Haba Inna, daina wannan magana.” Ta ce, “Ke dai aje shi kusa.” Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Mako na huɗu fitsari ya ɗauke mata, ƙafafu suka kumbura, ta fara magana ba kan gado. Muka tafi babban asibiti, sashen gaggawa. Layin nan ba zan so wa maƙiyina shi ba, amma da aka auna jininta sai ga su da gudu, nan take aka wuce da ita ciki. A nan Allah ya haɗa mu da wata likita 'yar Sudan, doguwa mai sanyin magana, wadda ta ce kakarta Bahaushiya ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Duk inda take Allah ya saka mata da alheri. Ta tara mu a baranda, ni da Abu Hamza da Yaya Hafsa, ta ce ƙodar Hajiya ta gaji saboda ruwan jikinta ya daɗe yana zuba. Ta ce akwai abin da take ci ko take sha a gida da ke mayar da ita baya, in ba a gano shi ba, ko an sallame ta za ta dawo, kuma ba ta da tabbacin ƙodar za ta jure karo na gaba.

“Wane ruwa take sha?”

Mu uku muka haɗa baki, “Zamzam kawai.”

Ta gyaɗa kai. “Zamzam ba ya yin haka. Amma mazubi yana yi. Ku kawo mini daga abin da take sha, yadda yake, kada a wanke.”

Ni aka tura gida. Tun a tasi maganar nan ta buɗe mini abin da na ƙi dubawa wata guda. Na hau matakalar nan, na shiga ɗakin Inna, na tsaya a kan kula. Ga sabuwar jarkar Zamzam da Abu Hamza ya kawo a ƙofa ba a buɗe ba. Ba zan ɓoye muku ba, na kai hannu kanta. Na ce in zuba wannan a gora in kai, in daina sirkawa daga yau, Inna ta warke, babu wanda zai sani, in tsira da mutuncina a gaban Yaya Hafsa. Na daɗe a tsaye. Abin da ya hana ni shi ne likitar ta ce sai ta san irin ƙwayar cutar kafin ta san maganin da zai kashe ta. Idona kuma ya sauka a kan akwatin nan da likkafani ke sama-sama. Na ɗauko gora biyu, na cika ɗaya daga kula, ɗaya daga jarkar wanki.

A baranda na miƙa mata su a gaban kowa, na faɗi abin da na yi tun daga kwano na farko. Ban tsallake komai ba. Yaya Hafsa ta dafa ƙirji ta ce, “La haula! A Makka? Algus a Zamzam, a Makka?” Abu Hamza bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dube ni ya ce, “Na ce miki na wanki ne, ya Rabi,” ya juya ya tafi ƙarshen baranda ya tsaya.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta kira Abu Hamza ta tambayi inda rijiyar take, da zurfinta, da inda ramukan masai na gidajen suke. Ya ce zurfinta bai fi tsayin mutum biyu ba, ramin masai kuma yana bayan katanga. Ta ce to ai shi ke nan. Ƙasar da aka cike teku da ita ba ta kama jikinta ba, kamar rariya take, ruwa kuma yana nan kusa da sama. In teku ya cika ya turo, in ya janye ya ja, duk abin da ya tsiyaya daga masai sai ya bi ya shiga rijiya. Ta ce da ni cikin Hausarta mai karyewa, “Ido ba ya gani, baki ba ya ji. Ruwa fari, cuta ciki.” Wannan magana ta zauna mini har yau.

Bayan kwana uku sakamako ya fito, gora biyun duka da ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Aka canja mata magani, aka yi mata wankin ƙoda sau biyu. Abu Hamza ya kira mai istirahar ya gaya masa, ashe leburorin wurin ma sun daɗe suna fama da ciki suna ɗora wa kifi, don da ruwan suke wanke kwanoni da kurkure baki. Aka rufe rijiyar. Abu Hamza ma daga baya ya ce mini laifinsa ne da ya kawo ruwan da bai san asalinsa ba cikin gida mai tsohuwa da yara. Na gode masa, amma na san wanda ya buɗe murfin kula.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta: ruwan rijiyar bakin teku, musamman inda aka cike aka yi gini, kada haskensa ya ruɗe ku, ko kurkure baki kada ku yi da shi. In mara lafiya yana warkewa a asibiti yana kwantawa a gida, a duba abin da yake sha kafin a duba maƙwabta. In likita ya yi tambaya kuma, a faɗa masa abin da aka yi, ba abin da ake so a ce an yi ba.

Saura Inna. Yaya Hafsa ta so ta gaya mata, Abu Hamza ya hana, ya ce ni zan faɗa da bakina. A mako na shida, da ta dawo hayyacinta tana iya zama, na zaɓi wata hantsi da babu kowa. Na durƙusa a gaban gadon asibitin na ce, “Inna, na zo neman gafara.” Na faɗa mata duka, har da ƙaryar wanke kula. Ban iya ɗaga kai ba. Na jira faɗa, na jira ta ce in tashi in ba ta wuri.

“Mi kic ce? Sake hwaɗi. Tun yaushe?”

“Tun farkon Rajab, Inna.”

Sai na ji tana kuka. Na ɗago a tsorace, na ga hannuwanta a sama.

“Ashe ba bakina ba na! Alhamdulillahi, ashe ba bakina ba na!”

Ta ce tun ranar farko ta ji ruwan ya canja. Nauyin yana nan, amma daɗin babu. Tunda ta riga ta yi mini kashedi, ba ta taɓa zaton zan sake ba, sai ta ɗauka Allah ne ya cire mata ɗanɗanon Zamzam daga harshe saboda wani zunubi da ta yi ta manta. Shi ya sa take ta istigfari, shi ya sa ta nemi likkafani. Ta ce ciwon cikin bai dame ta ba ko kaɗan, abin da ke cinta shi ne ta mutu a Makka Zamzam yana ƙin bakinta. Wata guda tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina tsaye a kanta da kofi ina cewa ƙara sha, Inna.

Da ta share hawaye ta kama kunnena ta murɗa da ɗan ƙarfin da ya rage mata. “Ja'ira. Da kin ce bayanki na ciwo, ai da na hana baƙin ga sha.”

An sallame mu a ƙarshen mako na bakwai, ana shirin shiga azumi. Ta rayu, mun gode wa Allah, amma ƙodar ba ta koma yadda take ba. Likita ta ƙayyade mata ruwan da za ta sha a yini, ɗan kaɗan ne, ba ya wuce kofin silbar nan sau biyar. Matar da ke shan Zamzam sai ta ƙoshi, yanzu da awo take sha, kuma haka za ta ƙare. Duk lokacin da na ga ta bi kofin da ido bayan ya ƙare, na san aikina ne.

Ranar da muka dawo gida Yaya Hafsa ta zo da sabuwar kula da jarka biyu a motarta, direba ya hau da su. Ta ce daga yau ruwan Inna a hannunta yake, ita za ta riƙa zuwa tana zubawa. Ta buɗe jarka ta ɗauki kofin silba. Inna ta miƙa hannu ta karɓe kofin, ta miƙo mini.

“Rabi za ta zuba.”

Na zuba na miƙa mata. Ta juya alƙibla ta kurɓa sau uku. Sannan ta saki alhamdulillahin nan, doguwa, har yara suka jiyo daga kicin suka shigo da gudu.